Keken Anti Nol da Tsuntsun Kwanar Gada

Sannunku 'yan gidana! Ina masu cewa Tegan ba ta taɓa gama abin da ta fara ba? Ku matso, yau da ku nake. Tun ranar gasa kuke damuna da tambaya a kan hoton nan da nake kuka da lambar yabo a wuya. Duk kun ɗauka murna ce. Hmm. Ba ita ba ce.

Wasiƙunmu ne da Anti Nol zan zuba muku. Yayar Mamana ce, tana dafa wa makiyaya abinci a wata gonar shanu can Kimberley, inda waya ba ta da amfani sai haska hanya. Jirgin wasiƙu ranar Laraba kawai yake zuwa musu. Shekara shida rabonta da gida. Lokacin da Kaka ta rasu ruwa ya yanke musu hanya, ba ta samu jana'iza ba, Mama ta ce mata a waya, "To ki yi zamanki can." Ita kuwa ta zauna ɗin. Nawa wasiƙun na ɗauke su hoto kafin in tura, kun san ni, ko shayi sai na ɗauka.

6 ga Agusta

Anti Nol tawa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar nan taki, tana barin ki barci? Mu lafiya lau, sai mura da ta yi sati tana wasa da ni. Mama ma lafiya, hawan jininta ya sauka. Na san ba ki tambaya ba, na dai faɗa.

Ki nemi wuri ki zauna. Na yi rajista! Gasar buɗe kakar wasanni ta tabkinmu, Lahadi 22 ga Oktoba. Iyo mita ɗari bakwai da hamsin, keke kilomita ashirin, gudu biyar. Wadda kika ci sau biyu kafin a haife ni, ita ɗin dai.

Kin tuna abin da kika ce mini ina 'yar sha huɗu? Kika ce, "Ranar da aka rubuta miki lamba a dantse a bakin tabkin nan, ko ina ƙarshen duniya zan zo." To ƙarshen duniyar kike, ga shi kuma za a rubuta. Ba na ɓoye miki, don ki zo na shiga. Na gaji da ganin ki a katin Kirsimeti.

Na zaro shuɗin kekenki daga sito. Gizo-gizo mai jan baya na samu a ƙarƙashin sirdi har da iyalinsa, na yi ihun da maƙwabta suka leƙo. An sa masa sabbin tayoyi, yana tafiya kamar bai taɓa tsufa ba.

Ruwan tabki kuwa, Anti, ƙanƙara ce da ta manta ba ta daskare ba. Na sayi rigar roba ta hannu a intanet, warin kare take. Ranar farko na sa ta zik a gaba, ina ta taƙama, sai wata tsohuwa a bakin ruwa ta ce, "'Yar nan, juya ta za ki yi." Mutum goma sha suna kallo.

Stavros, maigidana a gidan burodi, da ya ji labari sai da ya ajiye tire don dariya. Wai, "Ke da in kin ɗauko buhun fulawa sai kin nemi kujera?" Na ce, "Ka adana haƙoran nan, za ka buƙace su ranar da za ka ba ni haƙuri."

Ki ba ni amsa da jirgin farko.

'Yarki,
Tegan

23 ga Agusta

Tigi,

Na samu takardarki, na gode. Gwiwa tana nan, in an yi sanyin asuba takan tuna mini da ita. Na ƙone yatsa a tukunya, ya warke. Mutum goma sha huɗu nake ciyarwa, kullum naman sa, kullum suna ƙorafi, kullum suna siɗe kwano.

Ban manta abin da na ce ba. Na yi wa manaja magana. Zagayen tattara shanu na ƙarshe farkon Oktoba zai fara, amma matar Merv direba ta yarda ta riƙe mini tukunya sati biyu. Zan zo.

Zan sauka a masaukin bayan gidan mai. Kada ki shirya mini gado a gidanku, kada kuma ki fara dabarunki.

Ga abin da za ki yi. Duk ranar da kika sauka daga keke, ki yi gudu nan take, ko na minti goma ne. Za ki ji kamar ƙafafun wani aka ara miki. Haka ake ji, ki ci gaba. A ruwa ki riƙa ɗaga kai kina duba alama, in ba haka ba sai kin tsinci kanki a wurin masu kamun kifi.

Magana ɗaya kuma, ba don in ɓata miki rai ba. Kin bar makaranta, kin bar koyon gyaran gashi, kin bar jita. Tafiyar nan kwana biyu ce a mota da jirgi, kuma kin san abin da zan tarar a garin. In kin ji za ki bari, ki faɗa mini gaskiya da wuri. Ba zan riƙe ki ba.

Antinki,
Nol

9 ga Satumba

Anti,

Ina gaisuwa. Da fatan yatsa ya koma daidai. Ni kam ba lafiya ba, ɗinki uku ne a haɓata.

Tsuntsun nan magfai ne. Kin san babbar bishiyar turaren nan ta kwanar gada? Wani baƙi-da-farin ɗan iska ya yi sheƙa a kai, shi ke gadin 'ya'yansa. Duk wanda ya wuce a keke sai ya sauko masa ta baya, ka ji baki ya yi ƙas a gefen kunne. Kuma nan ce hanyar gasar, sau biyu za a wuce. Babu wata hanyar sai babban titi, inda manyan motocin madara za su mayar da ni tabarma.

Babu abin da ban yi ba. Na ɗaure hular kwanona da igiyoyin roba masu tsini, na koma kamar bushiya. Na zana idanu a ƙeyar hular, wai ba ya taɓa wanda yake kallonsa. Ƙarya ce, tsakanin idanun ya sara. Ranar Talata na fusata na zaro famfon iska na kai masa duka. Tun daga nan ya bar kowa ya dawo kaina. Mutum uku muke tafe, ni kaɗai yake bi, har bayan gada.

Jiya ya same ni a kunne. Na saki hannu, tayar gaba ta shiga tsakuwa, sai ga ni a ƙasa. Yana kan wayar lantarki yana waƙarsa mai daɗin nan, kamar ba shi ba.

Stavros ya ga bandeji ya ce, "Tsuntsu ɗaya, Tegan ba ko ɗaya." Na ɗauki tirena na wuce.

Na wurga keken a sito na rufe. Ba na son ganinsa. Na gaji, Anti. Wataƙila mutane gaskiya suke faɗa a kaina.

Tegan

27 ga Satumba

Tigi,

Ina lafiya. Sannu da ciwo, ki riƙa wanke wurin da ruwan gishiri. Sati biyu da rabi muna daji, jiya na dawo na tarar da takardarki.

Na gode da kika faɗa mini da wuri kamar yadda na roƙa. Ba na fushi. Wanda bai taɓa faɗuwa a kan tsakuwa ba bai san abin ba. Na ce wa matar Merv ta yi zamanta. Ranar Litinin zan bi su zagayen ƙarshe, sai ƙarshen Oktoba za mu dawo. Wataƙila hakan ya fi wa kowa sauƙi.

Amma kin yi wauta da kika kai masa duka. Tsuntsayen nan suna riƙe fuska, shekara da shekaru. Yanzu ya san ki, hula ba za ta ɓoye ki ba. In baɗi kin ji kina so, ki tambayi uwarki. Tun muna yara Glenys suke sauka wa a kafaɗa, ni kuwa su fasa mini kai. Ban taɓa ganin mai hannunta a kansu ba.

Ki rufe keken da bargo, raɓa tana shiga siton.

Nol

4 ga Oktoba

Anti Nol,

Lafiya lau, haɓa ta warke, kina lafiya, to mu bar gaisuwa.

BAN BARI BA! Wa ya ce miki na bari? Na ce na gaji, ban ce na bari ba! Kwana biyu kawai keken ya yi a sito. Ranar da na fito da shi na sa hoto a shafina, mutum ɗari uku suka danna mini zuciya, har Stavros. Na ɗauka duk duniya ta sani. Sai yau da takardarki a hannuna na tuna ke ba kya gani. Na zauna a bakin akwatin wasiƙu na zagi kaina tas.

Kullum ina fita. Iyo ya zauna, yanzu ba na shan rabin tabki. Gudun bayan keke ma ƙafafun sun fara zama nawa. Tsuntsun ne kawai. In na zo kwanar gada sai in sauka in tura keken, haka ba ya sauka da ƙarfi, amma minti huɗu yake ci mini duk wucewa. Ƙarfe tara da rabi za a buɗe wa motoci hanya, duk wanda bai gama keke ba a ɗauke shi a bayan akori-kura. Da minti takwas ɗin nan, akori-kura zan hau.

Na kira ofishin gonarku. Matar manaja ta ce kuna can nesa, rediyo kuma sai in mutum ya karye ko ya mutu. Na ce mata zuciyata ce ta karye, ta ce wannan ba ya ciki. Amma ta yi alkawarin ba motar kai muku abinci duk abin da na aiko.

Wani abu kuma, kada ki yi faɗa. Na bar takardarki a kan teburin kicin. Da gangan, e. Mama ta ɗauka, na ga idonta ya tsaya a wurin sunanta. Ta ninke ta ce, "Aƙalla ta faɗi gaskiya sau ɗaya." Can kuma ta ce, "Ƙarfe nawa kike fita gobe?"

Ko kin zo ko ba ki zo ba zan shiga ruwan nan. Amma ki zo.

Tegan

13 ga Oktoba

Anti,

Ina gaisuwa, da fatan zafi bai yi muku yawa ba. Shiru nake ji, ina ta gaya wa kaina motar abinci ce ba ta tashi ba.

Da kin ga ƙanwarki! Ranar farko na sayo wa tsuntsun niƙaƙƙen nama, ta ƙwace ta mayar firji. Wai, "Kashe masa 'ya'ya za ki yi? Wannan lalata musu ƙashi yake." Ta shiga bayan gida ta tono tsutsotsi a cikin taki ta zuba a robar ayis kirim.

Muka je. Ta ce, "Cire hular nan ta mahaukata. Cire gilashin. Ki bari ya ga fuskar da ya tsana."

Na ce, "Mama, idona zai cire."

Ta ce, "Biyu gare ki. Tsaya nan."

Ta ajiye tsutsa a kan ƙarfen gada, ta ja baya, tana masa magana kamar wani tsohon maƙwabci. "To maigida, ga mai laifin na kawo. Ba ta da hankali ne, amma ba ta da mugunta." Ya sauko. Ya karkata kai ya kalle ni da ido ɗaya, ya kalle ta, ya ɗauka ya tafi. Ta ce, "Ki ce masa sannu." Na ce wa tsuntsu sannu, Anti, a bakin titi, motar makaranta tana wucewa.

Kwana tara ke nan, kullum kafin ta tafi aiki. Yanzu ni nake ajiye masa. Shekaranjiya na wuce a kan keke a hankali ina kiran "sannu maigida," ya bi ni da ido kawai. Jiya na wuce da gudu, ya taso, ya zo daidai kafaɗata, ya fasa. Mama tana riƙe da agogo ta ce, "Minti hamsin da ɗaya. Antinki a arba'in take yi, kuma tana shan taba a lokacin."

Kin ji? Ita ta kawo zancenki, ba ni ba.

Ga ta nan ta ce in ba ta biro.

Noelene, yarinyar nan da gaske take. Ni ban iya koya mata sauya giyar keke ba. G.

22 ga Oktoba, da yamma

Anti Nol,

Ina fatan kina lafiya. Ni ko'ina ciwo yake, a tsaye nake rubutu don in na zauna ba zan tashi ba.

Na gama. Awa ɗaya da minti hamsin da shida. Mutum biyu ne kawai a bayana, ɗaya ɗan shekara saba'in da ɗaya.

An rubuta mini 148 a dantse. Ina tsaye cikin rigar roba ina ta leƙen wurin ajiye motoci, har mai busa usur ya ce, "Mai jar hula, tabkin yana ta nan." Da aka shiga wani ya harbe ni a baki, na sha ruwa, na kama kwale-kwalen masu ceto. Matar ciki ta ce, "Fita za ki yi?" Na ce, "Numfashi nake, ba fita ba." Na saki.

Wurin sauya kaya rigar ta maƙale a dugadugaina, na yi ta birgima a ciyawa minti huɗu.

A kwanar gada kuwa maigida ya sha aiki yau. Mutumin da ke gabana, keke mai tsadar mota, hula mai tsini kamar ta 'yan sama jannati, sau uku ya sauko masa. Ina zuwa na ɗaga murya, "Sannu maigida!" Ko motsi bai yi ba. Duka zagaye biyun. Na shigo saura minti shida a buɗe hanya.

Gudun ban san yadda na yi shi ba. Stavros yana kilomita na huɗu da tiren burodi yana ihu, "Na ba ki haƙuri! Ki yi gudu, kada ki kunyata shagona!"

Mama tana bakin layi. Kujerun ninkewa biyu ta kawo, Anti. Ta zauna a ɗaya, jakarta a kan ɗayar, duk wanda ya zo ɗauka ta ce da mai ita. Da aka rataya mini lambar na hango ta tana ninke ta biyun, a nan kukan ya zo.

Na yi nawa. Ban sani ba ko takarduna sun same ki, ko sun same ki kika ga zama ya fi sauƙi. In na biyun ne, ki faɗa mini gaskiya, kamar yadda kika ce in yi miki. Akwai wata gasar a Disamba, zan shiga. Wannan karon don kaina.

Gobe zan kai gidan waya.

Tegan

Ban kai ba, 'yan gidana. A kan teburin kicin na bar ta, na yi barci har sha ɗaya na safiyar Litinin. Da na fito na ga an juya takardar, an yi rubutu a bayanta.

Tigi,

Lafiya lau na iso, gwiwa ta kumbura da zaman jirgi. Takardunki biyu ranar Alhamis suka same ni, a cikin kwalin albasa. Na damƙa wa Merv ludayi na ce ko ya dafa ko su ci ciyawa da shanun. Na bi motar abinci, muka kwana a hanya. Jirgin Asabar ya cika, sai na Lahadi. Lokacin da kike cikin ruwa ina zaune a filin jirgi ina kallon agogo.

Na tsaya a ƙofarku minti goma kafin in ƙwanƙwasa. Uwarki ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kin makara." Na ce, "Na sani. Sau biyu ke nan." Sai ta ce, "Kin tsufa." Na ce ita ma. Ta ɗauki jakata ta shige da ita.

Na karanta wannan, tunda sunana ne a kai. Laifina ne, na yi saurin yarda kin bari don ina neman dalilin zama. Ki yafe mini.

Mun tafi maƙabarta wurin Kakarki. Ta ce za ta nuna mini wurin. Kada ki biyo mu.

Akwai ƙwai a cikin tanda. Ki ci, ki miƙe ƙafa, da yamma ki fito da rigar robar nan. Minti huɗu wurin sauya kaya? Me kike yi, kitso? Ina nan har Disamba.

Nol

To kun ji dalilin kukan. Yanzu haka suna kicin suna musu a kan wadda ta fi iya gasa nama, ni kuwa an sa ni cire rigar roba sau ashirin a tsakar gida. Ku fa? Wa kuka taɓa aika wa magana cikin ɓacin rai ya ɗauke ta da gaske, kuma yaya kuka gyara? Masu keke kuma, wane tsuntsu ne ya riƙe fuskarku a unguwarku? Ku zubo mini a ƙasa, duk zan karanta.